Zaman Makokin Kawu Yila

Mun binne Kawu Yila ran Jumma'a
a gindin dutse, bayan Kaltungo.
Ƙasa ta yi tauri, har ƙotar diga ta karye,
don damina ba ta sauka ba.

Da dare aka jera bencin coci a tsakar gida.
Ni ke zagawa da bokitin kunu,
kofi shida, baki arba'in.
Matan zumunta sun gaji da waƙa sun yi shiru,
sai Dattijo Kefas ya gyara murya
tun ba a tambaye shi ba.

Ya ce, "Ina bakin rafi ranar da aka tsoma shi.
Shekarar fari ce, ruwa iya gwiwa,
sai da fasto ya kwantar da shi kamar gawa.
Ya taso yana kuka. Ni na miƙa masa riga.
Wanda aka saya da jini, an saya,
Mai sayen ba ya mai da kaya kasuwa.
Ɗa ya bar gida, ya kwana a tasha,
tsagen fuskarsa dai bai goge ba."

Malam Habila mai bishara
ya ajiye kofinsa a ƙasa, a hankali.
"Kefas, shekara goma sha tara!
Tun rigimar kuɗin kwanon rufi
Yila ya juya wa ikilisiya ƙeya.
Lahadi a gidan burkutu take samunsa,
ƙararrawa na kira, shi yana ɗaga ƙwarya.
Gona kyauta ce, na yarda, gado ce,
amma bar ta damina goma sha tara ka gani:
ƙuduji bai san takardar gado ba."

"To, ceto ladan noma ne?"
"A'a. Amma itace mai rai yakan yi toho."
"Kai ka ƙirga tohonsa?"
"Kai ka leƙa sama ka ga sunansa?"
Tsofaffi biyu, aji ɗaya suka yi a makarantar mishan,
kowa na zaro aya kamar wuƙa daga kube,
tocila a haƙora, yatsa a kan shafi.
Kunu ya huce har ya yi fata,
ko ɗayansu bai kurɓa ba.

Can daga kan tabarma Inna Rahila,
matar mamaci, ta yi magana kanta a sunkuye:
"Daren Talata ya farka.
Ya ce in ba shi ruwa, na ba shi.
Ya riƙe hannuna, ya dubi rufi,
leɓensa na motsi, ya daɗe yana faɗin wani abu."
Benci ya yi ƙara, su biyun sun matso.
"Me ya ce?"
"Janaretan maƙwabta na kunne.
Ko addu'a ce, ko bashin Lamela mai shago yake tuna mini,
gaskiya ban ji ba."

Kefas ya cire tabarau yana gogewa.
Habila ya ɗauki kununsa mai sanyi.

Na kwashe kofuna na yi bayan ɗaki,
ni da aka yi wa baftisma bara waccan a tankin siminti,
ni da wata uku ke nan ba ma magana da ƙanena.
Ina cuɗa kofi, sai rafin nan ya dawo mini,
ba na fari ba, na watan Agusta, cike, ja wur, yana ruri.
Ina ɗan shekara biyar a wuyan Kawu,
yana warin gumi da tsamin burkutu.
Ya ce, "Riƙe ni da kyau, yaro!"
Na shaƙe shi har ya yi tari.
Sai a ƙetare na ga shatin yatsunsa
a idon sawuna, duka biyu.

Wane riƙo ne ya hana ni bin ruwa?
A tsakar gida sun sake farawa, ƙasa-ƙasa.
Abin da na sani ke nan daga ranar:
ban saki ba,
shi ma bai saki ba.